Sharhi kan Duolingo: tana kawo ka kullum, amma wa ke riƙe da burinka?

Duolingo manhajar koyon harsuna ce, wadda aka fi sani da alamarta ta koren mujiya. Luis von Ahn da Severin Hacker ne suka kafa kamfanin a 2011 a birnin Pittsburgh na Amurka, aka buɗe ta ga jama'a a 2012, kuma a 2024 masu amfani da ita a wata sun haura miliyan 100. Ana samunta a waya da kwamfuta, akwai ta kyauta mai talla, akwai ta biya. Babu darasin Hausa a cikinta, kuma ba a bi ta Hausa a koyi wani harshe, don haka sai mutum ya shiga ta Turanci ko Faransanci ko Larabci ko wani harshe da ya riga ya iya.

Wannan sharhi bai tsaya kan yawan kalmomin da take koyarwa ba. Abin da muka duba shi ne yadda take sarrafa himmar mai koyo. Mutum ya sauke ta yana ɗokin jin Faransanci. Bayan wata shida, me ke sa shi buɗe ta da dare: son harshen, ko tsoron kada wata lamba ta koma sifili? Hukuncinmu shi ne, wajen sa mutum ya dawo kullum da wuya a samu manhajar da ta kai ta. Wajen raya sha'awar da ke fitowa daga zuci kuwa, rabi da rabi ce. Tana iya rura ta, tana iya shaƙe ta, kuma abin da ke raba biyun shi ne irin zafin neman da mutum ya zo da shi, da kuma ko yana da burin kansa a wajen manhajar.

Tun a ranar farko take tambayarka dalilin koyo: tafiya, aiki, karatu, sada zumunci da sauransu. Sannan ka zaɓi mintunan da za ka riƙa ba ta kullum, kamar 5 ko 10 ko 15 ko 20. Idan kana da ɗan sani a harshen, akwai gajeren gwaji da zai tsallakar da kai gaba. Tambayar dalili tana da kyau, sai dai ba ta zuwa ko'ina. Hanyar darussan da za a shimfiɗa wa mai shirin tafiya ita ce dai za a shimfiɗa wa mai neman aiki. Daga wannan rana dalilinka ya ɓace daga allon, abin da za ka riƙa gani a sama shi ne alamar wuta da adadin kwanaki, da duwatsun da ake sayayya da su a cikin manhajar, da XP, wato makin da ake samu idan an gama darasi. Wannan shi ne babban giɓin da ke cikinta, kuma duk sauran matsalolin daga nan suke tasowa.

Mu fara da sarƙar kwanaki, domin ita ce ƙashin bayan manhajar. Duk ranar da ka gama darasi ko da ɗaya ne kafin sha biyun dare, lambar ta ƙaru da ɗaya. Ka tsallake rana, ta koma sifili, sai fa idan kana da garkuwar da ake saya da duwatsu, wadda ke cike gurbin ranar da ka rasa. Yawanci biyu ake iya riƙewa a lokaci guda. Darasi ɗaya kuwa bai wuce 'yan mintuna ba.

Dole a yaba wannan tsari. Mafi wuya a kowane koyo shi ne zama a fara, kuma sarƙar ta rage nauyin farawa har ya kusa zama babu. Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, wanda aka buga a 2010, ya bi mutum 96 tsawon mako 12 suna ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a. Lokacin da ɗabi'a ke ɗauka kafin ta zama jiki ya kama daga kwana 18 zuwa 254, na tsakiya kuwa 66. Wato akwai wata biyu ko fiye da mutum ke buƙatar abin da zai riƙe shi kafin sabo ya karɓi aikin, kuma a wannan tsakani sarƙar tana aiki ƙwarai. Amma binciken nan ya nuna wani abu da manhajar ba ta faɗa maka: tsallake rana ɗaya bai yi wa kafuwar ɗabi'a wata illa ta a zo a gani ba. Ƙwaƙwalwa ba ta komawa sifili. Lambar ce kawai ke komawa.

A nan gizo ke saƙar. Mutum ya fi jin zafin rasa abin da ke hannunsa fiye da daɗin samun irinsa, kamar yadda Daniel Kahneman da Amos Tversky suka bayyana tun 1979. Duk yadda sarƙa ta tsawaita, haka tsoron yankewarta ke ƙaruwa, alhali daɗin ƙara kwana ɗaya a kan 400 bai taka kara ya karya ba. Sannu a hankali sai dalilin buɗe manhajar ya sauya wuri, daga "ina son in ji abin da suke faɗa" zuwa "kada in yi asara".

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan sauyi. A 1971 Edward Deci ya buga sakamakon wani gwaji da ya yi da ɗalibai 24, da wani wasan haɗa gutsattsarin katako guda bakwai mai suna Soma. An yi zama uku. A zama na biyu ya biya rabinsu dala ɗaya kan kowace siffa da suka haɗa, a na uku ya ce kuɗi sun ƙare. A tsakiyar kowane zama yakan fita na minti takwas, ya bar su da wasan da mujallu, ana leƙensu ta madubi. Waɗanda aka taɓa biya, da aka daina, sai suka rage taɓa wasan a lokacin da ba wanda ya sa su. Gwajin ƙarami ne, amma a 1973 Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett sun ga irinsa ga yara 'yan shekara uku zuwa biyar masu son zane. Waɗanda aka yi wa alkawarin takardar yabo kafin su zana, bayan mako ɗaya zuwa biyu lokacin da suke ɓatawa kan zane ya kai kusan rabin na sauran. Waɗanda aka ba takardar ba zato ba tsammani kuwa sha'awarsu ba ta ragu ba. A 1999 Deci da Richard Koestner da Richard Ryan suka tattara gwaje-gwaje 128, suka ga lada na zahiri da aka yi alkawarinsa tun farko yana rage sha'awar aikin da mutum dama yake so, yabon baki da ke nuna masa ya iya kuma yana ƙara ta.

Akwai togaciya mai muhimmanci a nan, kuma ita ce ke ceton Duolingo. Lada yana lalata sha'awar da ke akwai ne. Aikin da dama ba daɗi gare shi, kamar maimaita jinsin sunaye a Jamusanci ko haddar haruffan Japananci, babu sha'awar da za a lalata, don haka maki da ƙarar "daidai" suna taimakawa a haɗiye shi. Haɗarin yana kan mutumin da ya zo da son harshen a ransa. Shi ne ya kamata ya fi sa ido. Jordan Etkin ta Jami'ar Duke ta nuna a 2016 cewa ko ba lada, ƙirga abu kaɗai ya isa: mutanen da aka ba na'urar ƙirga taku, ko aka riƙa nuna musu adadin shafukan da suka karanta, sun ƙara yawan yi amma sun rage jin daɗi, abin ya koma musu aiki.

Alamun cewa sarƙa ta ƙwace ragama a bayyane suke. Kana buɗe manhajar ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare, ka nemi darasi mafi sauƙi, ka gama, ka rufe da zarar wutar ta kama. Ka kashe sauti don ka yi sauri. Ka danna "ba zan iya magana yanzu ba" a kowane aikin furuci, ko kana ɗaki kai kaɗai. An tambaye ka me ka koya makon jiya, sai ka faɗi adadin kwanakinka. Mai irin wannan hali kamar manomi ne da ke zuwa gona kullum ya taɓa fartanya ya koma gida, zuwa dai bai taɓa fashi ba.

Gasar mako-mako ita ce inda zafin nema ke fitowa fili, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Da zarar ka gama darasin farko na mako, sai a jefa ka cikin rukunin mutum 30. Duk XP da ka tara ana jera shi a allo. Ƙarshen mako na sama su haye mataki na gaba, na ƙasa su sauka. Matakan goma ne, daga na tagulla zuwa na lu'ulu'u. Akwai kuma ƙarin da ke ninka maki na ɗan lokaci, da wasannin tsere da agogo, irin wanda ake haɗa kalma da ma'anarta da sauri.

Kuskure ne a ce gasa ba ta da kyau ga kowa. Judith Harackiewicz da Andrew Elliot sun yi gwaji a 1993 da wani wasan na'ura da ake harba ƙaramar ƙwallon ƙarfe. Wasu aka ce musu su gwada kansu da sauran ɗalibai, wasu aka ce su mai da hankali kan ƙwarewa a wasan. Masu zafin nema, waɗanda a ɗabi'arsu suke son a auna su, sun fi jin daɗin wasan idan aka sa gasa. Waɗanda ba su da wannan ɗabi'a sun fi jin daɗinsa idan burin ƙwarewa ne. Ke nan allo ɗaya, mutum biyu, sakamako biyu. Ga na farko, ganin sunansa na huɗu da tazarar maki 40 yana ƙara wa darasin armashi. Ga na biyu, allon nan damuwa ce da ba shi ya nema ba. Duolingo kuwa kowa take jefawa ciki ba tare da ta tambaya ba, kuma babu maɓalli a fili da aka rubuta wa "fita daga gasa". Mun ɗauki wannan a matsayin aibi na gaske.

Ko ga mai zafin neman ma akwai tarko, domin XP ba ya auna koyo, yana auna dannawa ne. Sabon darasi mai wuya yana cin lokaci, ana kuskure, makinsa kaɗan. Maimaita abin da ka riga ka iya, a cikin mintunan da maki ke ninkuwa, yana ba da maki da yawa cikin sauri. Duk wanda ya ɗan daɗe a matakan sama ya san haka, ya kuma san cewa ana haɗa ka ne da waɗanda suka fara makon kusan lokaci ɗaya da kai, don haka wasu ke jinkirta darasin farko don su faɗa rukuni mai sanyi. Duba abin da ya faru: tsarin ya ɗauki mutumin da ya fi kowa son ƙalubale ya koya masa gudun ƙalubale.

Wannan ya saɓa da asalin halin masu zafin nema. John Atkinson da George Litwin sun buga wani gwaji a 1960 inda aka ba ɗalibai zobba su jefa a kan turke, kowa ya zaɓi nisan da yake so, daga ƙafa 1 zuwa 15. Waɗanda son nasara ya fi ƙarfi a ransu sun fi tsayawa a tsaka-tsaki, inda ci da faɗuwa suke kusan kunnen doki, domin a nan ne nasara ke nuna iyawa. Waɗanda tsoron faɗuwa ya fi ƙarfi ba su nuna wannan zaɓi sosai ba, sun fi warwatsuwa zuwa kusa, inda ba a kuskure, ko nesa, inda kuskure ba abin kunya ba ne. Tara XP da darussan da ka haddace tsayawa ne a ƙafa ɗaya daga turke. Ana ci kullum, amma daɗin da mai zafin nema ke bi, wato jin cewa yau na iya abin da jiya ya gagare ni, ba ya nan. Shi ya sa ake samun mutum ya kai matakin lu'ulu'u sannan ya ji manhajar ta fita daga ransa gaba ɗaya.

Batun hukunta kuskure ma yana da nasa tasiri. A tsarin kyauta an daɗe ana ba da zukata biyar, kowane kuskure ya ci ɗaya, idan suka ƙare sai ka jira, ko ka saya da duwatsu, ko ka koma tsarin biya. A 2025 kamfanin ya fara maye gurbinsu da ma'aunin ƙarfi da ke raguwa da kowace tambaya, ana ɗan mayar maka idan ka jera amsoshi daidai. Ko wanne ne a wayarka, saƙon ɗaya ne: kuskure yana da tsada. Elliot da Harackiewicz sun sake wani gwaji a 1996 suka raba burin gasa gida biyu, neman yin fice da gudun a ga ka gaza. Na farkon bai rage sha'awa ba. Na biyun ne ya rage ta. Zukata biyar suna tura mai koyo zuwa na biyun. Sai ka ga mutum yana leƙa fassarar kowace kalma kafin ya amsa maimakon ya matsa wa ƙwaƙwalwarsa ta tuno, alhali wannan matsin shi ne ke kafa kalma a kai. Harshe kuwa ba a koyonsa sai da kuskure mai yawa.

Deci da Ryan, a Jami'ar Rochester, sun ce sha'awar cikin rai tana rayuwa ne kan abubuwa uku: mutum ya ji shi ke da zaɓi, ya ji yana ƙwarewa, ya ji yana tare da wasu. Idan aka auna Duolingo da wannan, a ɓangaren ƙwarewa ta fi ƙoƙari. Amsa tana zuwa nan take, tambayar da ka faɗi tana dawowa ƙarshen darasi, kuma akwai wani tsari na kwamfuta mai suna Birdbrain da ke ƙiyasta yiwuwar ka amsa tambaya daidai don a daidaita wuyar darasi. Gajerun labaran da ke cikin manyan darussa, irin na Sifaniyanci da Faransanci, su ne mafi kyawun abin da ke cikinta a ganinmu, domin a nan ne mutum ke fara bin zance don yana son ya ji ƙarshensa, ya manta da maki. Rauninta shi ne tambayoyi da yawa na zaɓen kalmomi ne daga waɗanda aka riga aka jera maka. Gane kalma idan ka gan ta daban, fito da ita daga kai a tsakiyar hira daban. Wannan yana ba da jin ƙwarewar da ta fi ta gaskiya, kuma ranar da mutum ya tsaya gaban mai harshen baki ya ƙi buɗuwa, gwiwarsa kan yi sanyi.

A ɓangaren zaɓi an samu koma baya a 2022, lokacin da aka sauya tsohon tsarin da mutum ke iya zaɓar batun da zai yi, aka koma hanya ɗaya miƙaƙƙiya da kowa ke bi. Ta fuskar koyarwa akwai hujja, domin an shigar da bita a cikin hanyar. Ta fuskar himma kuwa, wanda ke buƙatar kalmomin asibiti a wannan watan ba shi da yadda zai kai gare su sai hanya ta kai shi. Ɓangaren zumunci ɗan kaɗan ne: ana iya bin abokai, a haɗa sarƙa da aboki, a yi aikin mako tare. Yana ƙara nauyin kada ka ba wani kunya, amma ba hira ba ce.

Sai lissafin lokaci, wanda kowane mai buri ya kamata ya yi kafin ya fara. Minti 5 kullum shekara guda awa 30 ne da 'yan mintuna. Minti 15 kullum awa 91 ne. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta taɓa ƙiyasta awa 600 zuwa 750 na aji kafin mai Turanci ya iya aiki da Faransanci ko Sifaniyanci, Larabci kuwa awa 2,200. Sarƙar kwana 365 ta darasi ɗaya-ɗaya ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na awannin Faransanci ko Sifaniyanci ba. Manhajar tana taya ka murnar shekara da hotuna masu motsi, ba ta nuna maka wannan lissafi. Mutane da yawa da suka ce "na shekara ina yi ban iya komai ba, ni dai ba ni da kan harshe" ba kai suka rasa ba, awanni suka rasa.

To yaya za a yi amfani da ita ta yi wa burinka aiki? Tun ran gini tun ran zane: kafin ka buɗe asusu, rubuta burinka a takarda, a wajen manhajar, kuma ya zama abin da za ka yi da harshen. Edwin Locke da Gary Latham sun shafe shekaru suna nuna cewa buri takamaimai mai ɗan wuya ya fi "zan yi iya ƙoƙarina" fitar da aiki. "Zan koyi Faransanci" ba buri ba ne. "Nan da wata huɗu zan saurari labaran rediyo na minti biyar in faɗi batutuwa uku da aka tattauna" buri ne, domin yana da rana kuma ana iya gwada shi. Sannan ka tambayi kanka ko naka ne. Kennon Sheldon da Elliot sun nuna a 1999 cewa burin da ya dace da abin da mutum ke so da abin da ya ɗauka da daraja shi ke samun ƙoƙari mai ɗorewa, kuma cimma shi ya fi sanyaya rai, fiye da wanda aka ɗauka don kunya ko matsin wasu. Idan amsar ita ce "kowa na yi", sarƙa za ta riƙe ka na ɗan lokaci, ranar da ta yanke kuma shi ke nan.

Bayan haka ka ɗaura darasin da wani abu da kake yi kullum, da sigar "idan kaza, to kaza" wadda Peter Gollwitzer ya yi bincike a kanta: idan na gama karin kumallo, to zan yi darasi biyu kafin in buɗe saƙonni. Da safe ya fi, domin wanda ya bar shi sai dare yana yi ne da agogo a kansa. Idan wannan ya kafu, kashe sanarwar manhajar daga saitin wayarka. Tunatarwar da ka ɗora wa kanka tana ƙarfafa jin cewa kai ke da zaɓi, wadda mujiya ke aiko maka tana rage shi.

Game da gasa, gwada ta mako biyu ka lura da abu ɗaya: ranar ƙarshe ta mako, sabon darasi kake yi ko tsoho? Idan tsoho ne don maki, fita. Hanyar ita ce ka shiga saiti, ɓangaren sirri, ka cire alamar da ke sa bayananka su zama a buɗe ga jama'a. Allon gasar zai rufe. Abin da za ka rasa shi ne harkar abokai a cikin manhajar, don haka ka auna. Idan kai mai zafin nema ne kuma gasar tana maka daɗi, zauna, amma da doka ɗaya: makin sabon darasi da labari kawai za ka nema, matakin da hakan ya kai ka shi ne naka. Ma'aunin da ya fi XP gaskiya shi ne yawan rukunan darussa da ka gama a wata, da kuma makin ƙwarewa da wasu darussa ke nunawa, wanda aka ɗaura da ma'aunin iya harshe na Turai, daga A1 na ɗan koyo zuwa C2 na gwani.

Ka riƙe wuyar a tsaka-tsaki da kanka. Idan ka yi darussa biyar a jere ba kuskure ko ɗaya, abin ya yi maka sauƙi, ka danna farkon rukuni na gaba ka ɗauki gwajin tsallakewa. Inda aka ba da zaɓin rubutawa da allon rubutu maimakon zaɓen kalmomi, ɗauke shi, an fi samunsa a kwamfuta. Kafin ka kalli kalmomin da aka jera, faɗi jimlar da bakinka. Karanta ɗan bayanin nahawun da ke saman kowane rukuni, mutane da yawa ba su san yana nan ba. Sannan daga wata na biyu, duk minti goma a manhajar ka haɗa shi da minti goma a waje: waƙa, rediyo, bidiyo mai rubutu a ƙasa, ko hira da mutum. Nan ne sha'awar ke samun abinci, kuma nan ne za ka gane ko burin takardarka yana matsowa. Ranar farko ta kowane wata ka ɗauki muryarka na minti ɗaya kana magana kan batu ɗaya, ka ajiye. Sauraron na watan farko a wata na huɗu yana ba da shaidar ci gaba da babu lambar da za ta ba ka.

Tsarin biya, Super Duolingo, yana cire talla da iyakar kuskure. Ta fuskar himma, cire iyakar nan ita ce fa'idarsa ta gaske, kuma ga wanda ke yin minti 20 zuwa sama kullum ya cancanta. Ga mai darasi ɗaya a rana ba shi da amfani. Duolingo Max, wanda ya fito a 2023, ya ƙara hira da na'ura mai kwaikwayon mutum. Yana taimaka wa mai jin nauyin magana ya saki baki, amma ka duba ko harshen da kake koyo yana cikin waɗanda aka yi wa wannan kafin ka biya. Ka kuma sani darussan ba ɗaya suke ba: na Sifaniyanci da Faransanci ga masu Turanci suna da tsawo har zuwa matakin B2, na huɗu cikin matakai shida na ma'aunin Turai, na Larabci da Suwahili gajeru ne ƙwarai, ba za su kai ka nesa su kaɗai ba.

Iyaye da malamai su yi hattara da abu ɗaya. Kada a ɗora wata kyauta a kan sarƙar yaro, irin "ka kai kwana 100 in saya maka kaza". Lada ne a kan lada, kuma shi ne ainihin yanayin da Lepper ya gwada. Ya fi kyau a ce masa ya koya maka jimla ɗaya da ya koya yau, a kuma faɗa masa takamaiman abin da ya inganta, kamar furucin wani harafi da makon jiya yake gagararsa.

Ranar da sarƙa ta yanke, manhajar takan yi tayin gyara ta da duwatsu ko wani aiki na musamman. Kafin ka karɓa, ɗauko takardar burinka ka yi gwajin da ke cikinta: kunna labaran rediyon, ka ƙirga batutuwan da ka kama. Idan sun fi na watan jiya, bar lambar ta tafi, ka ci gaba daga rukunin da ka tsaya, domin darussan da ka gama suna nan ba a goge su ba. Idan ba su fi ba duk da doguwar sarƙa, matsalar tana cikin yadda ake cika mintunan, sai ka rage zaɓen kalmomi, ka ƙara rubutu da sauraro, ka sake gwadawa bayan mako huɗu.